Yadda Ake Zaɓen Irin Dankalin Turawa, a Noma Shi, a Kai Shi Tukunya a Bauchi da Gombe

Idan ka shiga kasuwar Muda Lawal a Bauchi ko babbar kasuwar Gombe ka ce kana son dankalin turawa, tambayar da mai kaya zai yi maka ba ta wuce biyu: manya ko ƙanana, kwando ko buhu. Da wuya ka ji an ambaci sunan iri. Alhali a buhu guda za ka iya tarar da iri biyu ko uku a cakuɗe, kowanne da halinsa a gona, kowanne da halinsa a tukunya. Shi ya sa uwargida za ta soya dankali yau ya fito rau da shi, gobe ta soya wani ya shanye mata mai ya yi laƙwas. Shi ya sa kuma manomi biyu za su yi shuka a fadama ɗaya, ɗaya ya cika buhuna, ɗayan ya tashi da ganye.

Kafin ka sayi iri, abu biyu za ka fara warwarewa: irin sanyin da gonarka take samu, da kuma tukunyar da dankalin zai ƙare a ciki.

Fara da sanin gonarka

Asalin dankalin turawa tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, wajen ƙasar Peru, kuma har gobe bai bar halinsa na ɗan tsauni ba. Ganyensa yana iya jure ɗan zafi, amma 'ya'yan da ke cikin ƙasa sanyin dare suke so. Sun fi ƙulluwa idan dare yana tsakanin digiri 15 zuwa 20, kuma da zarar zafin ƙasa ya doshi digiri 30 sai shuka ta daina zuba 'ya'ya ta koma yin ganye da tsawo. Wannan ne dalilin da ya sa yawancin dankalin da ake ci a Najeriya daga Filato yake fitowa, daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Pankshin, inda tudun ya haura mita 1,200.

Garin Bauchi bai wuce mita 600 da 'yan kai ba, Gombe kuwa ta fi shi gangarowa ƙasa. Don haka a wajenmu manoma kashi biyu ne. Akwai waɗanda ke kan iyaka da Filato, a tuddan Toro da Bogoro da Tafawa Ɓalewa; idan gonarka tana can sama inda dare ke sa mutum neman bargo a watan Yuli, kana iya gwada na damina. Sauran jama'a, daga fadamun Gubi da Waya zuwa Dadin Kowa da Balanga, damarsu guda ce: noman rani a tsakiyar hunturu. Kada wani ya ruɗe ka da cewa akwai irin da zai yi maka a damina a Deba ko Alƙaleri. Irin da ake ce wa mai jure zafi ɗan ƙarin haƙuri kawai gare shi, ba ya mai da kwari ya zama tsauni.

Ƙasa kuma tana son a dube ta. Dankali yana son ƙasa mai laushi, turɓaya mai ɗan jiki, wadda ruwa ke ratsawa ya wuce. Baƙar lakar nan da ke tsagewa da rani, wadda ta yi yawa a wasu sassan Gombe, tana matse 'ya'yan su fito a karkace, tana kuma riƙe ruwa har su ruɓe. Sannan ka tambayi kanka abin da aka noma a wurin cikin shekara uku da suka wuce. Idan tumatir ne ko tattasai ko attarugu ko yalo ko gauta, nemi wani fili. Dangi ɗaya suke da dankalin turawa, cututtukansu ɗaya, kuma cutar yaushi tana iya zama cikin ƙasa shekara da shekaru tana jira. Filin da aka cire masara ko dawa ko shinkafa shi ya fi.

Ire-iren da za ka tarar

Nicola shi ne tsohon hannu, asalinsa daga Jamus. Dogo ne mai ɗan siffar ƙwai, bawonsa sumul, cikinsa rawaya. Dankali ne mai ruwa, naman jikinsa a haɗe yake, ko an daɗe ana dafa shi ba ya wargajewa. Ya dace da fate da farfesu da miya da haɗin salak. A suya kuwa ba ya ƙamewa sosai, yakan yi laushi da zarar ya huce. Matsalarsa a gona ita ce ba ya jure cutar ƙunar ganye, kuma da yawa daga Nicola ɗin da ke yawo a kasuwa an daɗe ana maimaita shi har ya gaji.

Marabel ma ɗan Jamus ne, ya shigo daga baya ya karɓu a hannun manoman Filato. Yana nuna da wuri, bawonsa fes, idanunsa ba su da zurfi, don haka ba a asarar nama wajen fira. Cikinsa rawaya ne, a tukunya kuma yana tsakatsaki, ya fi karkata wajen masu riƙe jikinsu. Ga manomin rani da ke tsere da zafin Maris, wannan saurin nunar ba ƙaramin abu ba ne, kuma da za a ce mu zaɓa wa mai farawa iri ɗaya cikin waɗanda aka saba nomawa, shi za mu ce ya fara da shi.

Diamant daga Holan yake. Ya fi waɗancan biyun gari, cikinsa fari-fari ne mai ɗan rawaya, yana kyau a suya. Sai dai yana ɗan jinkiri kafin ya nuna, don haka wanda ya makara a shuka kada ya ɗauke shi.

Caruso ƙulluɓutu ne, mai gari sosai, an samar da shi ne don masu soya dankali falle-falle irin na leda. Idan ka saka shi a fate zai narke ya zama kauri. Connect kuwa an san shi da yawan haihuwa da jure cutar ƙunar ganye, abin da ya fi amfanar mai noman damina a kan tudu.

A shekarar 2023 an fitar da sababbin iri huɗu a hukumance a Najeriya: Unica da Juriya da Babban da Kyau. Aikin haɗin gwiwa ne tsakanin cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke Umudike, sashenta na dankali kuma yake Kuru kusa da Jos, da cibiyar dankali ta duniya da ke Lima. An zaɓo su ne saboda jure cutar ƙunar ganye da ƙarin haƙuri da zafi. Unica shi ya fi saukin ganewa: bawonsa ja, dogo ne, cikinsa fari mai ɗan duhun madara, kuma yana soyuwa da kyau. Abin lura ɗaya shi ne masu saye a wajenmu sun saba da fari da rawaya, wasu idan suka ga jan bawo sai su ja baya. Kafin ka cika gona da shi, kai kwando ɗaya wa masu suya a gari su gwada, ka ji ta bakinsu.

Idan an kawo maka dankali ba suna, akwai hanyar gane halinsa a gida. Auna lita ɗaya na ruwa, ka narka gishiri giram 120 a ciki, ka wanke dankali biyar ko shida ka jefa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya nutse mai gari ne, na suya. Wanda ya taso sama mai ruwa ne, na fate da miya. Idan wasu suka nutse wasu suka taso, to akwai alamar buhun gauraye ne.

Sayen iri da tsirar da shi

Nan ne yawancin asara take farawa. Dankalin da aka haƙo jiya barci yake yi, ba zai tsira ba sai ya yi wata biyu zuwa uku, gwargwadon irinsa. Manomi ya je kasuwa a watan Nuwamba ya sayi sabon haƙa mai sheƙi ya binne, sati huɗu ya wuce ba ko ɗigon kore, rabi ya ruɓe a ƙasa, sauran ya fito tsilli-tsilli. Ba ƙasar ba ce, ba takin ba ne, barci ne bai ishe shi ba.

Lissafin da ke aiki shi ne wannan. Manoman Filato suna shuka na damina a Afrilu zuwa Mayu su haƙa a Yuli zuwa Agusta. Wannan haƙar ita ce irinka na rani. Saye shi a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, lokacin da kaya suka yi yawa, ka ajiye shi har ƙarshen Oktoba ya tsira. In da hali, saya daga manomin da aka sani da noman iri, ko ka bi ta hannun malaman gona na hukumar bunƙasa aikin gona ta jiharka su haɗa ka da masu ingantaccen iri. Ƙananan dankalin da dillalai ke warewa a kasuwa su ce na shuka ne, sau da yawa 'ya'yan shukar da ba ta da lafiya ne, rashin lafiyar ce ma ta sa suka ƙanƙance. Araha ba ta ado.

Zaɓi mai girman ƙwan kaza, wato giram 40 zuwa 60. Ɗauki goma daga wurare daban-daban na buhun ka tsaga su biyu. Idan ka ga zobe mai ruwan ƙasa a ciki kusa da bawo, ka matsa wani farin ruwa mai yauƙi ya fito, ko ka ga ƙasa ta manne a idanunsa, cutar yaushi ce, bar buhun gaba ɗaya ko da kyauta aka ba ka. Haka wanda ke da ƙananan ramuka da ɗan baƙin gari a bakin ido, tsutsa ce a ciki.

Wajen ajiya, kada ka bar iri a buhu ko a ɗaki mai duhu. A duhu tsiron yakan fito fari, dogo, siriri, ya karye da an taɓa shi. Yi rumfa mai inuwa wadda iska da haske ke shiga amma rana ba ta dukan kayan kai tsaye, ka yi katanga-katanga da kara ko katako, ka baza dankalin kada ya wuce hawa uku. Duk sati ka juya ka tsince ruɓaɓɓu. Zai yi kore, kada ka damu, koren ma kariya ce ga iri, sai dai ba a cinsa. Tsiron da kake nema gajere ne, kakkaura, kore ko mai ɗan shuɗi, tsawon santimita ɗaya zuwa biyu. Idan ka ga tsiro ɗaya tilo ya fito a kan dankalin, ɓalle shi. Shi ne ke danne sauran idanun, kuma bayan kwana goma zuwa sati biyu za ka ga uku ko huɗu sun fito a madadinsa. Tsiro ɗaya kara ɗaya yake bayarwa da 'ya'ya kaɗan. Tsiro uku zuwa huɗu shi ke cika kunya.

Yanka iri biyu don ya yi auki ba ma ba da shawararsa a ƙasa mai ɗumi irin tamu, domin wuƙar tana kwasar cuta daga wannan zuwa wancan, yankakken kuma ya fi saurin ruɓa. In ya zama dole, kowane ɓari ya kasance da ido biyu aƙalla, a riƙa tsoma wuƙar a ruwan bilic, a bar yankan ya bushe a inuwa kwana biyu zuwa uku kafin a shuka.

Shuka

A kwari, shuka daga farkon Nuwamba zuwa kusan 20 ga wata, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa dare ya yi sanyi. Ga dalilin: shuka tana fitowa cikin sati biyu zuwa uku, tana fara ƙulla 'ya'ya wajen sati na biyar zuwa na shida, sannan ta yi wata guda da rabi tana cika su. Wanda ya shuka a farkon Nuwamba, ƙullin zai faɗo masa a tsakiyar Disamba, cikar kuma a Janairu, tsakiyar sanyi ke nan, ya haƙa a farkon Fabrairu. Wanda ya kai ƙarshen Disamba kuwa, cikar za ta haɗu da zafin ƙarshen Fabrairu da Maris, ya tashi da 'ya'ya kamar goro.

Yi kaftu mai zurfi, kamu ɗaya da rabi, ka farfasa ɓurɓushin ƙasa. Zuba takin gargajiya wanda ya ruɓe sarai, sati biyu kafin shuka. Ɗanyen kashin shanu yana jawo gara, ɗanyen kashin kaji yana ƙone tsiro. Toka ma kada ka yawaita, tana sa bawon ya yi ƙirci.

Tsakanin kunya da kunya santimita 75, tsakanin rami da rami santimita 30, zurfi santimita 8 zuwa 10, tsiron yana kallon sama. A wannan tazarar hekta ɗaya tana cin ƙwaya 44,000 da ɗoriya, wato iri tan biyu da ɗan kai. Kuɗi ne masu yawa, shi ya sa wanda bai taɓa yi ba gara ya fara da fili mai tsawon mita 25 da faɗin mita 20. Wannan zai ci ƙwaya kusan 2,200, kimanin kilo 110. Idan manyan 'ya'ya kake so don masu suya, buɗa tazarar rami zuwa santimita 35. Idan iri kake son samu, matse ta zuwa 20 ko 25.

Takin zamani: kamfa mai lamba 15-15-15 buhu takwas zuwa goma a hekta lokacin shuka, wato rabin buhu a wancan ƙaramin filin. Zuba shi a ƙasan rami ko a gefe, ka rufe da 'yar ƙasa kafin ka ɗora irin, kada su haɗu jiki da jiki. Yuriya buhu biyu a hekta, kilo biyar a ƙaramin filin, a sati na huɗu zuwa na biyar. Daga nan ka tsaya. Yuriyar da aka ƙara bayan fure ganye take ƙarawa, ta jinkirta nuna, ta sa dankalin ya cika ruwa ya ƙi soyuwa ya ƙi ajiyuwa.

Jiƙa ƙasa kwana biyu kafin shuka, ka yi shukar da safe ko da la'asar, kada a binne iri a busasshiyar ƙasa mai zafi.

Ban ruwa da tara ƙasa

Saiwar dankali ba ta nisa, don haka ba ya son ƙishi ba ya kuma son kwanciyar ruwa. Kafin ya fito, ruwa kaɗan-kaɗan. Bayan ya fito, a ƙasa mai yashi duk kwana uku zuwa huɗu, a mai jiki duk kwana biyar zuwa bakwai. Saki ruwan ta cikin kwarin kunya ya tsaya a rabin tsayinta ko ya ɗan haura, kada ya hau kanta. Hanyar gwaji mai sauƙi: tona gefen kunya zurfin yatsa, ka dunƙule ƙasar a hannu. In ta dunƙulu ba ta ɗiga ba, daidai ne. In ta wargaje, ƙishi ne.

Abin da ya fi yawan ruwa muhimmanci shi ne daidaito. Injin ban ruwa ya lalace ko mai ya yanke, gona ta yi kwana goma a bushe, sannan a zo a malale ta: a nan ne 'ya'yan ke tsagewa, wasu su fito da ƙulli-ƙulli kamar citta, wasu manyan a tsaga a tarar da rami a tsakiya. Daga lokacin fure zuwa sati uku kafin haƙa, kada ka bari a tsallake ko zagaye ɗaya.

Tara ƙasa a gindi sau biyu ake yi. Na farko idan shuka ta kai kamu ɗaya, tare da noman ciyawa da zuba yuriya. Na biyu bayan sati biyu zuwa uku, kafin ganye ya rufe kunya. Ja ƙasar daga kwari da fartanya ka yi kunya mai faɗi, ba mai tsini ba. 'Ya'yan dankali a jikin wasu fararen jijiyoyi suke fitowa daga karan da ke binne. Jijiyar da ta leƙo waje ganye take zama maimakon ɗa. Ɗan da rana ta taɓa kuma kore yake yi, ya yi ɗaci, kuma koren nan yana tafe da guba mai sa ciwon ciki da amai. Bayan ganye ya rufe, daina shiga da fartanya, sai dai tsinke ciyawa da hannu da toshe duk tsagar da ka gani.

Cututtuka

Cutar ƙunar ganye ita ce babbar abokiyar gabar mai noman damina. Ita ce ta halaka dankalin ƙasar Ailan daga 1845 har yunwa ta kashe mutane kimanin miliyan ɗaya. Tana son sanyi da laima da hazo. Alamarta tabo ne mai duhu kamar an zuba wa ganyen tafasasshen ruwa, yawanci daga baki ko gefe, da sassafe kuma idan ka juya bayan ganyen za ka ga farin abu kamar auduga a kewayen tabon. Tana iya baƙanta gona cikin mako guda. Ba a jiran ganinta. Fara feshin maganin mankozeb tun shuka tana kamu ɗaya, duk kwana bakwai idan ana ruwa, kimanin giram 50 a lita 20, amma ka bi abin da aka rubuta a jikin leda. Da ka ga tabon farko, koma wa mai haɗin metalaksil, kada kuma ka wuce sau biyu zuwa uku da shi a shekara domin cutar tana sabawa da shi. Fesa har bayan ganye, ka rufe hanci da hannu. Manomin rani a kwari ya huta da yawancin wannan wahala, busasshiyar iskar hunturu ba ta yi wa cutar daɗi.

Shi abin da zai fi damunsa darɓa ce da yaushi. Darɓa tana maƙalewa a bayan ganye tana tsotsa, ɓarnarta ta gaske kuma ita ce cutar bairas da take ɗauka daga shuka zuwa shuka. Ganye ya nannaɗe sama kamar cokali ya yi tauri, ko ya yi dabbare-dabbare, shuka ta tsugune. Wannan ba shi da magani, tuge ta. Yaushi kuwa za ka ga kara ɗaya ya langaɓe da rana alhali ƙasa a jiƙe take, da farko ya farfaɗo da dare, daga baya ya kwanta gaba ɗaya. Don ka tabbatar, yanko guntun karan daga gindi ka rataya bakinsa a cikin kofin gilashi mai ruwa garai, kada ka motsa. Cikin 'yan mintoci za ka ga wani farin zare kamar hayaƙi yana sauka daga yankan. In ka gani, tuge shukar da 'ya'yanta da ƙasar gindinta ka fitar daga gona ka ƙone, ka kuma datse ruwa kada ya bi ta wurin zuwa sauran kunyoyi. Babu feshin da ke warkar da ita, kada ka ɓata kuɗinka.

Akwai kuma wani ɗan ƙwaro mai fiffike kamar asu, wanda ke bi ta tsagar ƙasa ya yi ƙwai a jikin dankali, tsutsarsa ta huda ciki. Ya fi yawa idan zafi ya fara. Maganinsa na farko kakkaurar kunya da ƙasa mai danshi, na biyu kada dankalin da aka haƙa ya kwana a gona a buɗe.

Haƙa da ajiya

Yawancin ire-iren nan suna nuna cikin kwana 90 zuwa 110. Idan ganye ya fara rawaya ya kwanta, tsayar da ban ruwa, ka yanke karan daga gindi ka kwashe, ka bar 'ya'yan a ƙasa kwana goma zuwa sati biyu bawonsu ya yi ƙwari. Tono ɗaya ka murza da babban yatsa: in bawon ya saluɓe, bai yi ba. A kwari idan zafi ya riga ya shigo kada ka wuce kwana goman, ƙasa mai zafi tana dafa su.

Haƙa da safe, daga gefen kunya. Kwashe zuwa inuwa nan da nan, kada a wanke, kada a jefa. Ware masu rauni a ci ko a sayar a ranar. Sauran a baza su a ɗaki mai duhu da iska kwana goma raunukan da ba a gani su warke, sannan a zuba a buhun algarara ko kwando, ba leda ba. Lura da bambancin: na ci duhu yake so, na iri haske.

Manomin kwari kada ya sa ran ajiye dankalin Fabrairu ya kai shi Nuwamba a matsayin iri. Zafin bazara zai motsar da shi, tsutsa ta shiga, ga bairas da darɓa ta riga ta zuba masa. Sayar da abinka, ka sake sayen sabo daga tudu. Kasuwa ma tana taimakawa a 'yan shekarun nan, domin tun daga 2025 azumi tsakanin Fabrairu da Maris yake faɗowa, yana matsowa da kwana goma zuwa goma sha ɗaya duk shekara, kuma kowa ya san yadda dankali da ƙwai ke tafiya a lokacin buɗa-baki. Shi kuwa na kan tudu da ke son ajiye irinsa, ya zaga gona lokacin fure ya kafa tsinke a gindin shukokin da suka fi lafiya, ya haƙe su daban kafin sauran.

Wanda gonarsa ke kwari kuma yake son dankali a damina, dankalin Hausa ne nasa. Shi zafi ba ya damunsa, yaɗonsa ake yankawa kamu ɗaya da rabi a dasa a kunya, ya nuna cikin wata uku zuwa huɗu. Akwai masu jan ciki kamar karas, irin su King J da Mother's Delight da Solo Gold, masu sinadarin bitamin A da ke amfanar yara da masu ciki.

A madafa

Uwargida, in suya za ki yi, nemi mai gari. Yanka shi kauri ɗaya, kamar ƙaramin yatsa, ki jiƙa a ruwan sanyi minti ashirin zuwa talatin sitacin da ke jikinsa ya fita, ki tsane ki goge da tsumma mai tsabta har ya bushe. Jiƙaƙƙen dankali yana kashe zafin mai, daga nan ne yake fara shan man. Soya shi sau biyu: na farko a matsakaiciyar wuta minti biyar zuwa shida, ya nuna ciki bai canja launi ba, ki kwashe ya huce, na biyu a mai mai zafi sosai minti biyu zuwa uku har ya yi ja-ja. Kada ki cika kasko. Gishiri bayan an kwashe.

Idan mai ruwa ne kaɗai a hannunki, ki ɗan tafasa yankan minti uku zuwa huɗu da gishiri, ki baza ya sha iska, sannan ki soya, kuma a ci da zafinsa.

Fate kuwa mai ruwa yake so, Nicola ko Marabel, a yanka manya-manya a zuba bayan kayan miya sun soyu. In kina son romon ya yi kauri ba tare da kin dama komai ba, jefa mai gari guda biyu ko uku a yanke ƙanana, su narke a ciki sauran su tsaya da jikinsu. Dafa dankali gudansa a ruwan sanyi ake farawa, ba tafasasshe ba, in ba haka ba bayansa ya fashe cikinsa bai nuna ba.

Kada ki saka ɗanyen dankali a firji. Sanyin yana mai da sitacinsa sukari, sai ki ga ya yi baƙi a kasko tun bai nuna ba, ga wani zaƙi-zaƙi da ɗaci. Ajiye shi a kwando a lungu mai duhu da iska, nesa da albasa, ki sayi abin da za ki cinye cikin sati biyu idan ana zafi. Wanda ya ɗan yi kore ko ya fara tsiro, ki fere wurin da kauri ki ƙwaƙule idon. Wanda koren ya mamaye, ko ya yamutse, ko kika ɗanɗana kika ji ɗaci, ki zubar, kuma kada a ba dabbobi.